Ƙyallen da Goggo Dije ba ta ninke ba

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Goggo Dije, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun daga yaye ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan soya masa in raba wa maƙwabta, a yi mata addu'a, shi ke nan. Bana na ga sadakar kaɗai ba ta ishe ni ba, sai na haɗa da rubutu, don akwai wani aiki da ta fara ba a bari ta ƙarasa ba.

Abin da ya tsokano ni shirye-shiryen nan ne da 'yata take yini kallo a waya, waɗanda ake shiga gidajen mutane da kyamara, wai ana nuna rayuwa yadda take. Yau a nuno wani da ya cika ɗaki da rigunan ƙungiyar ƙwallon da yake mutuwar so, gobe wata da ta tara 'yan tsana, jibi masoyan wani mawaƙi suna kuka a ƙofar otal. Salon ɗaya ne kullum. A sa kiɗan ban dariya, a matso da kyamara kan fuskar mutum daidai lokacin da ya fi kama da wawa, a nemo matarsa ta ce ta gaji da shi. 'Yata tana ƙyalƙyala dariya, ni kuwa raina ne yake ɓaci. Na taɓa tsayawa a gefen irin wannan kyamarar, na san abin da ake yankewa a zubar.

Goggo ƙyallayen atamfa take tarawa. A unguwarmu ta Kilomita Biyar a birnin Bangi, inda rabin shagunan Titin Koudoukou atamfa suke sayarwa, wannan ba abin a zo a gani ba ne, sai dai nata tarin da ƙa'idarsa. Ba ta sayen ƙyalle a shago, ba ta tsinta a ƙasan keken tela. Sai an yi biki ko suna an fitar da anko, ta je ta sami mai sha'anin ta roƙi kamu ɗaya, a yanka mata da almakashi a gabanta. Daga ranar ƙyallen ya zama na wance. Ta ninke shi fuska a waje, ta jera a akwatin ƙarfe, ta jefa kafur. Ran da mai ƙyalle ta rasu, bayan an dawo daga ta'aziyya, sai ta ciro shi ta sake ninke shi a baibai. Idan atamfar mai tsada ce wadda ciki da waje duk ɗaya, ta ɗaura mata farin zare. Ko sunanta Goggo ba ta iya rubutawa ba, amma ban taɓa ganin ta ɗaga ƙyalle ta yi inda-inda a kan mai shi ba.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai wasu mata masu irin wannan ciwon, ana ce musu 'yan ƙyalle. Ran Lahadi da la'asar suke haɗuwa a tsakar gidanmu, don a ba waɗanda ke zuwa coci damar dawowa su kintsa. Su baje tabarma, su yi musaya, su yi gardama a kan wace shekara aka fara yayin wane zane, rabi da Hausa rabi da Sango, yaren garin. Wadda ta fi kowa baki a cikinsu ita ce Mama Zozefin, Kirista daga unguwar Miskine, mai sayar da bandar kifi, asalin mutanen bakin kogi. Tun daga zaure ake jin muryarta tana kiran "Dije ti mbi", wato Dijena. Kullum sai ta tsokani Goggo cewa kafur ɗinta ya fi kifinta wari, Goggo ta ce ai ko kuliyoyin unguwa sun san wa suke rakowa. Da Mama Zozefin ta aurar da babbar 'yarta a coci, da hannunta ta yanko wa Goggo ƙyallen ankon, shuɗi ne mai zanen ƙananan tsuntsaye.

Sai sojoji suka yi bore. Na farko muka ɗauka rikicin albashi ne, zai wuce. Wani ya biyo baya, wani ya sake biyowa, har garin ya rabu biyu, aka datse hanyoyi da shingaye, ana tambayar mutum yarensu kafin ya wuce. Mu a Kilomita Biyar muka ja ƙofofin shaguna muka zauna muna sauraren harbi. Mutanen bakin kogi da ke zaune a ɓangarenmu suka ga zama ba nasu ba ne, suka kwashe yara suka yi kudu, wasu suka haye ruwa. Wata Lahadi Mama Zozefin ba ta zo ba. Da hanya ta ɗan buɗe Goggo ta taka har Miskine, ta tarar da ɗakin Mama Zozefin ba ƙyaure, maƙwabta kuma kowa da irin labarin da yake bayarwa.

A nan Goggo ta shiga wani hali da ban taɓa ganin ta a ciki ba. Ta ciro shuɗin ƙyallen ta riƙe. Ta ninke shi fuska a waje, tana tsoron ta yi wa kanta ƙarya. Ta juya shi baibai, tana tsoron ta kashe mai rai. Ƙarshe ta ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusar bango, ta shanya shi a buɗe. Kafin ƙura ta lafa igiyar ta cika da ƙyallayen matan da ba a san inda suke ba.

Bayan an shiga tsakani an sami ɗan sararawa, wasu samari suka fito da wani shiri a talabijin, suna bin gidaje suna nuna masu ɗabi'u na daban, wai don mutanen gari su ɗan yi dariya su manta. Ban san wa ya kai musu labarin Goggo ba. Mahaifina da ya ji sai ya zo har ɗakinta ya durƙusa.

"Yaya, ki rufa mana asiri. Mutanen nan abin dariya suke nema."

"Kai dai Sule, tsoro ya yi maka yawa," in ji ta. "Rediyo ma idan ka kai cigiya karantawa suke yi, balle wannan da har fuska ake gani. Bari su zo. Duk wadda ke raye za ta ji na kira ta."

Kuskurenta ke nan, kuma kuskure ne na mutanen da suka tashi da rediyo. A wurinmu idan ka yi magana a gaban abin ɗaukar murya, to saƙo ka bayar, amana ce, za a isar da shi yadda ka faɗa. Ba ta san akwai wani ɗaki da ake zama da maganar mutum a yanyanka ta ba.

Ranar ta yi kwalliya kamar mai zuwa Idi. Mai gabatarwar saurayi ne mai fara'a, ya gaishe ta da Sango har da rusunawa, yana ta "Mama, Mama". Ta tsaya gaban igiyar tun hantsi, tana sauke ƙyalle ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga shi saitin kyamara, ta faɗi sunan mai shi da unguwarsu da sana'arta, ta ce in tana raye ta aiko. Da ta zo kan shuɗin sai ta maimaita sau biyu, da Sango da Hausa. Saurayin yana gyaɗa kai yana cewa, "Ci gaba Mama, muna ɗauka." Da ta gama suka ce akwatunan a rufe ba su da kyan gani. Kafin mu ankara sun kifar da su a tsakar ɗaki, sun kakkaɓe ninkin don tarin ya yi tsayi, na masu rai da na matattu duk a cakuɗe. Na buɗe baki zan yi magana Goggo ta harare ni. Baƙi ne, kuma tana ganin alfarma suke yi mata.

Ranar da aka nuna shirin, bayan magariba, muka taru a shagon wani maƙwabci mai janareta, har da matan Lahadi da suka rage. Bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Aka nuno tulin tsummoki, aka sa wani kiɗa mai tsalle-tsalle, aka nuno Goggo tana shinshina ƙyalle, abin da takan yi don ta ji ko kafur ya ƙare. Bakinta yana motsi, amma muryar saurayin ce a kai, yana zuba barkwanci da Faransanci, ya yafa ƙyallen wata marigayiya a ka yana rangwaɗa. Ko suna ɗaya bai fita ba. Mutanen shagon suka yi dariya, ba don mugunta ba, haka aka shirya abin. Goggo ta zauna har aka shiga wani shiri, tana jiran a dawo kan cigiyar. Sai da na taɓa ta na ce mu tafi gida.

A hanya abin da ta ce kawai shi ne, "Asabe, to sunayen fa?"

Yaran unguwa suka laƙa mata Mama Shifon, uwar tsumma. Wannan bai dame ta ba, takan ma amsa. Abin da ya karya ta shi ne matan Lahadi suka janye ɗaya bayan ɗaya, wata mijinta ya hana, wata kunya ta hana, wata ta kai nata tarin aka yi mata ƙunzugun jika da shi. Goggo ta zauna ita kaɗai ta sake ninke tarin nan kaf, kowane ƙyalle ta mayar da shi yadda yake, na igiya ta mayar igiya. Cikin watannin da suka biyo baya labari ya riƙa zuwa jefi-jefi, wata ta dawo, wata an tabbatar ta rasu, igiyar tana raguwa. Goggo ta kwanta ciwo daminar da ta zagayo, ta rasu shuɗin ƙyallen yana shanye a saman gadonta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Ina jin wayar hannu za ta burge ta, don yanzu kowa na iya kiran sunan wanda ya ga dama ba sai ya roƙi mai kyamara ba. Ankon yau kuwa da ake zaɓa ta hoto, a saka sau ɗaya a jefar, zai sha tsaki. Amma shirye-shiryen da 'yata take kallo, na san ba za ta yi dariya ba. Za ta matso da fuska ta ce, wannan mai rigunan ƙwallon, wa ya ba shi ta farko? Me yake faɗa da aka danne muryarsa? Ban ce duk mai tara kaya yana da wani babban dalili ba, wasu son abin kawai suke yi, kuma wannan ma ya isa. Abin da na sani shi ne ba a zuwa da niyyar tambaya.

Kwanan baya wata ƙawar 'yata da ke irin wannan aikin na kyamara ta zo ta same ni, yarinya mai ladabi, 'yar unguwar nan. Ta ji labarin akwatunan tana so ta ɗauka. Na ce na yarda, da sharaɗin zan tsaya gaban igiya in kira sunaye, kuma ba za a yanke ko ɗaya ba. Don igiyar tana nan, ta ma fi yadda take a da cika, tun bayan tashin hankalin da ya zo daga baya ya watsa mutanenmu Chadi da Kamaru.

"Hajiya, zai yi tsawo, mutane za su wuce," ta ce. "Ba wani rikici da aka yi a kan gadon akwatunan? Ko ki ɗan yi hawaye kina riƙe da ɗaya."

Na zuba mata kunu, ta sha, na raka ta zaure. Ban ji haushinta ba sosai, ita ma abin da aka koya mata ke nan.

Idan na auna abin da ya rage na Goggo, ba shi da yawa. Ba ta haihu ba, ba ta bar gadon gida ko shago ba. 'Yan ƙyalle sun ƙare, ƙyallayen ma wasu asu ya fara ci, kuma akwai da dama da ni kaina na manta masu su, abin da ke sa ni kunya. Abin da ya rage shi ne ɗabiar da ta dasa mini, ta ƙin yanke wa mutum hukuncin rai ko mutuwa sai an tabbatar, da kuma saƙon da ta bayar aka ƙi isarwa. Jarida dai na ga abin da ka rubuta shi take bugawa, don haka ga shi.

Mama Zozefin, mai bandar kifi, wadda ta zauna a Miskine kafin boren sojoji, wadda ta aurar da babbar 'yarta da shuɗin anko mai tsuntsaye: Dije ta neme ki. Ta je har ɗakinki, ta kira ki a talabijin da harshe biyu, ba laifinta ba ne da ba ki ji ba. Na san ba ki karanta Hausa, na kuma san shekarun da za ki kai yanzu. Amma 'yan Kilomita Biyar sun bazu ko'ina, wanda ya karanta ya fassara wa na kusa da shi da Sango. In 'ya'yanki ne suka ji, ko jikoki, su aiko gidan marigayi Sule mai atamfa, a tambayi Asabe. Ko labarin rasuwa ne muna so, kada a ji nauyin faɗa mana. In dai na sani, zan sauke shuɗin ƙyallen daga igiya in ninke.

Allah ya jiƙan Goggo Dije, ya kai haske kabarinta.