Makullin Baba Birki

Shekara talatin yana koya wa mutane tuƙi da 'yar ƙaramar motarsa, har ake ce masa Baba Birki. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, 'ya'yansa, waɗanda shi ya ɗora hannunsu a kan sitiyari, suka ɗauke makullin ko shawara babu, sai ka ce masu ƙwace wuƙa a hannun mahaukaci.

Abin da ya rage masa shi ne zaman Asabar a wurin wankin mota, inda masu ƙananan motoci ke haɗuwa kowa yana yabon tasa: wannan ba ta shan mai, waccan ta haye ramin gaban asibiti ko gezau. Shi kuma sai ya ɗauko tafiyar bara ya ce ta jiya ce.

Rannan wani tela a cikinsu ya ce, "Baba, ta gada ka bi jiya? Ai wata biyar ke nan tana rufe."

"To, tsallakewa na yi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Bai sake zuwa ba. Kullum da safe dai yana goge gilashin motarsa, yana laluben ƙura da tafin hannu.