Baba Hanci da Notin da Ya Ƙi Fita

"Baba, me ya sa kake sunsuna ƙofar gidajen mutane kamar akuya?"

'Yar gidan tela ce ta yi tambayar, yarinyar da ko makaranta ba ta fara ba, tana tsaye a bakin ƙofa da soson wanka a hannu. Uwarta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta finciko ta tana ba da haƙuri, amma tsohon ko a jikinsa. Ya ɗaga kai ya sake jan iska.

"Akuya abinci take nema, ni kuwa wauta nake nema," in ji shi. "Kuma na samu. 'Yata, ki gaya wa mijinki babur ɗinsa yana yoyon mai."

"Baba, ai jiya ka gaya min."

"Gobe ma zan gaya miki."

Haka yake kullum. Da gari ya waye, kafin masu babura su turo su waje, tsohon bakaniken nan da duk layin ke kira Baba Hanci zai fito da sandarsa da hularsa wadda baƙin mai ya daɗe da cinye launinta. Yana tafe yana tsayawa a ƙofar kowane gida. Inda ya ji iska lafiya sai ya wuce, ko gaisuwa babu. Inda ya ji warin fetur kuwa, zai buga ƙofa da sanda har sai an buɗe, ko wanka ake yi. Ya tsufa a rumfarsa ta bakin titi, ya gyara baburan iyaye, ya gyara na 'ya'yansu. A bana ya rufe ta, don ido ya yi rauni, hannu ya soma rawa. Ya miƙa akwatin kayan aiki ga wanda ya koya wa sana'a, aka yi masa fatan hutawa lafiya. Ashe hancin bai ajiye aiki ba.

A faɗi gaskiya, Baba ba shi da daɗin sha'ani. Mai burodi zai ba ku labarin ranar da ya zare masa makullin babur ya jefa a aljihu, ga kaya an ɗaure, ga masu shaguna suna jira, ya ce babu inda za shi sai ya sauya tiyon da ya tsattsage. Matar da ke tuya a bakin hanya ta ga ranar da ya janye babur ɗin wani saurayi daga kusa da murhunta, ya wanke shi tas a gaban budurwarsa. Mu matan layin nan babu wadda bai taɓa ƙular da ita ba. Amma babu wadda ya ƙular kamar matar tela, domin makonni ya yi yana buga mata ƙofa a kan magana ɗaya.

Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗi, kuma ta sani. A gidan hayar da suke, babur yana kwana ne a lungun da ke tsakanin ɗakin girki da ɗakin yara, saboda tsoron ɓarayi. A ƙarƙashin tankinsa akwai ɗan famfon da ake murɗawa a buɗe mai ko a rufe, shi ne ya tsufa yake ɗiga. Ta sa gwangwani a ƙasa, kullum da safe sai ta tarar da mai a ciki. Kayan yara wari, katifa wari, jaririn da ke bayanta ya soma tari. Risho ma ta daina kunnawa a ɗakin girki, sai ta kinkime shi zuwa can ƙarshen tsakar gida, a rana, tana girki tana waiwaye. Ta yi wa mijin magana da lalama, ta yi da fushi, ta yi da shiru.

"Tsohon nan ni ya sa wa ido," in ji tela. "Ni da nake warware keken ɗinki in mayar da shi, ɗan famfo ne zai gagare ni?"

Da ta matsa, sai ya sayo sabon famfo. Ranar da bai fita shago ba ya shimfiɗa buhu a lungun, ya juye man tankin a galan, ya zauna da sukudireban keken ɗinkinsa. Noti biyu ne ke riƙe da famfon. Na farko ya fita salin alin, har tela ya ɗaga shi yana nuna wa matarsa.

"Kin gani? Sai ki kai wa babanki ya sunsuna."

Na biyun ne ya ce bai san zancen ba. Tsatsa ta riƙe shi gam. Tela ya murɗa, sukudireba ya zame. Ya ƙara ƙarfi, ya sake zamewa. Tun yana yi da murmushi har ya koma yi da tsaki, kowace zamewa kuwa tana cin tsagar da ke kan notin, har kan ya lashe ya yi sumul kamar gindin cokali. Ya karɓi wuƙar girkinta ya karya bakin wuƙar. Ya kama da filaya, filaya ta ɓalle ta haɗa da fatar yatsansa. Gumi ya jiƙa masa riga.

Ana cikin haka maƙwabcinsu mai wanki da guga ya leƙo, ya tsuguna, ya duba kamar wani likita.

"Maigida, ƙarfe ba ya jin lallashi, wuta yake ji. Ka ɗan gasa kan notin, da ya ji zafi zai saki. Haka na yi wa ƙafar gadona."

Matar tela ta zaburo. "Wuta kuma? A jikin tanki?"

"Ai na juye man," in ji tela. "Ga shi can a galan. Tankin ba komai. Miƙo min ashana da kyandir."

"Baban yara, don Allah ka bari. Ɗakin yara fa ke nan."

"Ke dai ki ji da tukunyarki."

Ta san mijinta. Idan kunya ta kama shi a gaban wani namiji, ko liman ba ya juya shi. Ta shiga ɗakin girki ta ɗauki ashanar ta ƙulle a bakin zaninta, ta fito ta ce ba ta gan ta ba. Ta ja hannun yarinyar ta kai ta gidan da ke tsallaken hanya. Tana fita ta ji mai guga yana cewa, "Bar ta da ashanarta, bari in hura gawayin guga in kawo maka garwashi."

Da gudu ta isa gidan Baba, goyo yana jijjiga a bayanta. Ta same shi a kan benci yana yanke farce. Ta zayyana masa komai numfashinta na sarƙewa. Ya miƙe, ya nemi takalmi, ya nemi sanda, ya koma ciki ya ɗauko wani guntun zarto da 'yar kwalbar mai. Sannan ya kama hanya da irin tafiyar nan tasa ta mai ciwon gwiwa.

"Baba, don girman Allah ka ɗaga ƙafa!"

"Ƙafar ke nan, 'yata. In kina da wata ki ara min."

Ji ta yi kamar ta sauke jaririn ta goya tsohon.

Sun shiga gidan daidai lokacin da mai guga ya ratso tsakar gida da garwashi a kan murfin tukunya, yana hurawa. Abin da ya rage tsakaninsa da lungun bai fi tsawon tabarma ba. A nan ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Tsohon da ya gama ja mata rai a hanya ya kai wa murfin sanda, garwashin ya watse can wajen magudanar ruwa, ya shure bokitin wankinta a kai. Wutar ta yi cuuu ta mutu.

"Baba, ai tankin ba komai a ciki," in ji tela.

"Kanka ne ba komai a ciki! Sa hancinka a bakin tankin nan. Sa mana! Me ka ji? Man ya fita, tururinsa yana nan maƙare, kuma shi ne mugun. Ga galan a buɗe kusa da ƙafarka, ga buhu ya jiƙe, ga katifar 'ya'yanka a bayan bangon nan. Kai kuma mai guga, ƙafar gadonka fetur take sha?"

Mai guga ya tuna yana da kayan mutane a kan igiya.

Ta ɗauka faɗan ne zai ci sauran yinin, amma Baba ya yanke shi nan take, ya shiga ba da umarni. A rufe galan a kai shi inuwa, nesa da kowa. A fitar da buhun. A tura babur waje, ƙarƙashin bishiya, inda iska ke kaɗawa. Ya sa tela ya cire kujerar ya sauke tankin gaba ɗaya, ya kwantar da shi a kan tsumma, bakinsa a buɗe. Ya ɗiga man kwalbarsa a wuyan notin. Sai kuma ya nemi dutse ya zauna.

"Yanzu kuma me za a yi?" in ji tela.

"Jira."

"Har yaushe?"

"Shi notin da ya yi shekaru yana zaune, ka tambaye shi? 'Yata, ba ni ruwa."

Ta kawo. Ya kurɓa ya ce ya yi ɗumi. Ta sauyo. Ya ce kofin yana warin sabulu. Ta sake sauyowa, tana tuna murfin tukunyar nan.

Da ya ga dama, ya ɗauki guntun zarton ya shafa masa mai, ya kai kan notin. Hannun ya hau rawa. Ya gwada, zarton ya goce. Ya daɗe yana kallon hannun nasa. Sai ya miƙa wa tela.

"Karɓi. Hannunka ya fi nawa yau. Ka tsaga masa sabuwar hanya a tsakiya, a hankali, kamar kana yanka yadin da mai shi ke tsaye a kanka."

Tela ya sunkuya. Wannan kam aikinsa ne, layi ya fita sak. Baba ya aika aka karɓo babban sukudireba mai faɗin baki, wanda ya cika tsagar ba sako-sako. Ya sa shi ya ɗan bubbuga gindin sukudireban da katako.

"Yanzu danna da nauyin jikinka. Dannawa ta fi murɗawa. Ka fara ɗaure shi kaɗan tukuna."

"Ɗaurewa kuma, Baba? Kwancewa fa muke so."

"Da ka san yadda ake yi, da yanzu kana shago. Ɗaure!"

Ya ɗan ɗaure. Notin ya ce ƙas. Ya murɗo shi baya, sai ga shi yana tafiya kamar ba shi ba. Tela ya saki dariya kamar yaro, ita kuwa sai a lokacin ta zauna a ƙasa.

Sauran aikin ma bai bari an yi shi da gaggawa ba. A kankare tsohuwar robar da ta manne, a goge wurin. A sa sabuwar robar ta zauna daidai. Notin da ya lashe a jefar, a sa sabo. A ɗaure wannan kaɗan, a ɗaure wancan kaɗan, kada a matse ɗaya a bar ɗaya. Ya lanƙwasa tiyon da yatsu, ya ga ya bushe, ya ce shi ma a sauya. Da aka mayar da tankin aka zuba mai kaɗan, ya sa tela ya kawo farin ƙyalle daga ragowar ɗinki ya shimfiɗa a ƙasa. Aka buɗe famfo, aka rufe, aka sake buɗewa, aka zuba ido. Ƙyallen ya zauna fari fat.

"To," in ji Baba, yana dafa sanda. "Lungun nan kuma a wanke shi da sabulu. Babur ya nemi wani makwancin. 'Ya'ya ba kayan gareji ba ne."

Bai tsaya jin godiya ba.

Shi ya sa za a yi maka ita a nan, Baba, inda ba ka da damar katse mutum. Kai ne mai buga ƙofar da ba a gayyace ka ba, ka sha harara ka dawo gobe. Kai ne ka yarda a ce maka mai shisshigi, don dai kada daga baya a ce da ma ka yi magana. Hannu ya gaji, ka ari na wani ka koya masa, ba ka tafi da abin da ka sani gida ba. Tsoho mai ɗacin baki, garkuwar 'ya'yan mutane! Tarin jaririn nan ya lafa, an mayar da risho ɗakin girki, uwa tana barci da ido biyu a rufe. Har gobe za ka ƙular da mu, mun sani, kuma mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta maka gwiwar nan, ya ba mu masu sana'a da za su ga ɓarna a gidan da ba nasu ba su ƙi wucewa.

Kai kuma mai karatu, in kana da babur a gida, da kai nake. Famfon mai in ya soma ɗiga, gwangwani ba magani ba ne. In za ka sauya shi da kanka, ka fitar da babur fili, ka kashe duk wata wuta, ka kori yara daga wurin. In noti ya ƙi, ka ba shi mai, ka ba shi lokaci, in ya fi ƙarfinka ka kira wanda ya iya, babu wanda kunya ta taɓa kashewa. Amma kada ka kuskura ka kai wuta jikin tanki, ko da ka rantse babu ɗigon mai a cikinsa. Kuma ke 'yar'uwa, ranar da kika ga an nufi tanki da wuta, ki kwashe 'ya'yanki tukuna, ladabin ya biyo baya.