Gonar Durun a Kan Kwali

Ƙanwata ce silar wannan aiki, ko da yake ba ita ta sa ni ba. Mijinta ya rasu ya bar ɗa namiji guda da gona guda a Durun, jigawa ce mai kyau wadda gefenta ya gangara fadama. Ita tumunin takaba kawai gare ta, sauran na yaron ne, amma daga gonar nan suke cin tuwo shekara ta zagayo. Da yaron ya tasa sai ya fara zancen babur. Abokansa suna acaba tsakanin Kabo da Gwarzo, shi kuma yana hararar fartanya kamar ita ta kashe ubansa. Ta zo gidana a Gwarzo ta ce, "Yaya, ka yi masa magana. In gonar nan ta tafi ban san inda zan sa kaina ba."

Na yi magana har yawuna ya ƙafe. Ni kawu ne, gona kuwa gadon uba ce, ikona bai wuce na baki ba. Zai durƙusa ya sunkuyar da kai yana "To Kawu, to Kawu," ya tashi ya kaɗe wando ya bar maganar a inda ya same ta. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, na san fuskar mai kunnen uwar shegu. Amma na lura in aka baza dara a majalisarsu, ko kiran abinci ba ya ji. Sai na ce bari in bi shi ta inda yake ji.

Na samu kwalin taliya na buɗe shi na zana shekarar manomi a kai, daga shuka zuwa shuka. 'Ya'yan tsamiya su ne buhunan hatsi, marafen kwalba su ne tumaki. Ban sa ƙwayar nan da ake jefawa a lido ba, don na san mutanena, kafin la'asar za a ce malamin makaranta ya buɗe gidan caca. Takardu na yanka na zuba a hula, kowa ya zaro tasa: matarka ta haihu, taki ya yi tsada, ruwa ya ɗauke, maƙwabcinka zai aurar da 'ya. Buhun da ka sayar da kaka a wulaƙance, shi za ka saya da tsada in damina ta yi nisa. Wanda ya kai gudummawar biki, ranar da tasa ta taso za a kawo masa. Mai ci shi ne wanda shekara ta zagayo da gonarsa a hannu da iri a rumbu.

A gindin darbejiyar mai shayi muka fara. Samari suka riƙa faɗa a kan marafen kwalba kamar tumakin gaske. Ɗan ƙanwata ya sayar da gonarsa ta kan kwali a zagayen farko, ya yi ta fankama, kafin damina ta ƙare ba shi da ko ƙwayar tsamiya, aka yi ta yi masa dariya. Washegari bai sayar ba. Na ga yana cizon leɓe yana lissafi da yatsa. A watannin nan ban sake jin zancen babur ba, ni kuma har da yin tafiyar ƙasaita.

Labari ya kai kunnen wata ƙungiya daga birni, masu koya wa matasa tattalin kuɗi. Suka zo da farar mota, shugabansu wani matashi mai gilashi da zaƙin baki. Ya ce abin ya burge su, za su buga shi da kyau ya shiga kowace mazaɓa. Na naɗe kwalina na miƙa masa da hannu biyu, har ina godiya.

Bayan kaka suka dawo da shi a akwati mai sheƙi, kyan ɗan maciji. Ga sunana a jiki da manyan baƙaƙe. Na buɗe na rasa wasana. Sun sa ƙwayar lido. Duk zagaye kowa yana karɓar albashi, ban san wace ma'aikata ke biyan samarin Durun ba. Gudummawar biki sun mayar da ita asara, in ka zaro ta ka koma baya. Damina da kaka duk farashi ɗaya. Mai ci kuma shi ne wanda ya fi tarin takardun kuɗi a ƙarshe, gona da tumaki ba sa cikin lissafi sai an sayar da su.

Na ce wa shugaban nasu, "Ranka ya daɗe, wannan ai ya koya wa yaro rabuwa da gona ne."

Ya yi murmushin da ake yi wa tsoho in ya fara surutai. "Malam, ƙwararru ne suka duba. Kuɗi a hannu shi muke iya aunawa."

Na ce a cire sunana. Ya ce an riga an buga.

A ɗakin taro a Kabo aka ƙaddamar da shi, aka shirya gasa. Ɗan ƙanwata yana da kai, nan da nan ya gano lagon sabon wasan. Ya sayar da gona tun farko, ya zuba kuɗin a gidan bankin da suka ƙara a wasan, ya cinye kowa. Aka tafa, aka ba shi riga da hular kwano, aka tsayar da ni kusa da shi aka ɗauki hoto. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan tafin ba.

Kafin ruwan shuka ya sauka ƙanwata ta aiko in zo. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki ta yi tagumi, sabon babur a jingine a zaure, ko ledar kujera ba a cire ba. Wani Alhaji mai hatsi ya sayi gonar, an yi shaidu, aikin gama ya gama. Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. Yaron ya durƙusa yadda ya saba, ya bari na gama tsaf, sannan ya ɗago kai, babu ko alamar raini a fuskarsa.

"Kawu, ai a wasanka ma wanda ya sayar shi ke ci. Da sunanka a jiki."

Uwarsa ta juyo ta dube ni. Ba ta iya karatun boko ba, ba ta taɓa ganin akwatin ba. Ta ce, "Yaya, da gaske ne?"

Ta jira, ta jira, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.