Tsohon da Ke Durƙusawa a Ƙofar Kabare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran kakana Alhaji Sulaimanu mai atamfa, a gidansa da ke unguwar Hausare a nan Garwa. An yi masa sutura kafin magariba.

Tsoho, ni ne Mahfuzu, wanda ke ɓoye maka takalmi a ƙofar masallaci. Ka tafi ka bar mini amaryata Hajiya Zainabu ba hamayya, amma wallahi nasarar ba ta yi mini daɗi ba.

An faɗi alherinka a zaman makoki, kuma ba a yi ƙarya ba. Tela nawa ka zaunar a bakin rumfarka ba ka kore su ba? Shekarar da Binuwai ta cika ta ci gidajen bakin kogi, zaurenka ya zama masauki har ruwa ya janye. Ni kaina, ranar da na zuba maka gishiri a shayi gaban baƙi, shanyewa ka yi, ka ce shayin yau ya yi armashi, sannan ka cika wani kofin ka miƙo mini ka tsaya a kaina. Sai dai duk mai yabonka a makokin nan, idan ya kai ƙarshe sai ya rage murya, ya kalli na kusa da shi. Kowa ya san abin da ake haɗiyewa. Shi na zo in faɗa.

Tun da ka bar wa ɗanka Baffa Hashim rumfa, ka sayi kyamara. Sai ka saɓa jaka, da butarka da fulas ɗin shayi, ka nufi ajans, tashar motar nan, ka hau bas. Yau Pitowa, gobe Gidar, wani satin Figil ko Maruwa. Ba kabarin waliyyi kake ziyarta ba, ba kasuwa kake ci ba. Gidajen bilbil kake bi, burkutun dawar nan, waɗanda ake kira kabare, kana ɗaukar hoton ƙofofinsu. Kuma ba kowanne ba, sai tsofaffi na ƙasa. Mutum da furfurarsa, da hajjinsa, da sahun gaba a masallaci.

Zato iri-iri babu wanda ba a yi ba. Wasu suka ce sha ka fara da tsufa. Wasu suka ce akwai wata mata a can da ka ɓoye. Da jandarma suka tsare ka yini guda a Kolofata saboda sun gan ka kana ɗaukar hoto a inda kowa ke tsoron baƙo, sai aka ce ai da ma aikin leƙen asiri kake yi, rabon ganima ne ya haɗa ku faɗa. Ni ma ban wanke ka ba. Na raɗa maka suna Sarkin Kabare. Idan ka dawo nakan rungume ka kamar mai murna, alhali gemunka nake shinshinawa. Ban taɓa jin komai ba sai citta da kanumfari, amma na ce a raina ai mai wayo da su yake rufe wari.

Wata Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, na hau motar da ke bin taku. Na laɓe bayan buhunan auduga ina jiran in ga ka ɗaga ƙwarya. A ƙofar wani kabare ka gaisa da matan gidan da Fulatanci, ba ka shiga ba. Ka ja da baya, ka dafa sanda, ka durƙusa da gwiwoyin nan naka da ko a sujada sai sun yi ƙara, ka sauke kyamara har kusan ƙasa, sannan ka ɗauka. Ka daɗe a haka. Da za ka tashi, ko waiwayowa ba ka yi ba ka ce, "Ɗan banza, fito ka ɗaga ni." Na tambaye ka me ya sa ba ka ɗauka a tsaye kamar kowa. Ka ce a tsaye ba ka ganin komai. Wannan amsar ta ƙara mini zargi, domin mai gaskiya ba ya raɓewa a ƙasa kamar mai haƙon kusu.

Washegarin rasuwarka Baffa Hashim ya ce a fito da hotunan da ke cikin adakarka a ƙone, kada su zama abin nuni, kada kuma su bi ka kabari. Babu wanda ya musa. Ni saurinsa ne ya tsaya mini a rai. Mutum bai gama karɓar gaisuwar ubansa ba yana neman ashana?

To, ka san hakkin jikoki a mutuwar kaka, ba mai hana mu wasa. Na shiga ɗakinka na zura babbar rigarka shuɗiya, na kafa hularka, na ɗaure hotunan a ciki da rawaninka. Na fito da tumbi, ina ɗingisa irin tafiyarka, ina yi wa mutane faɗa a kan tsadar atamfa. Masu kuka suka yi dariya. Baffa da kansa ya matsa mini hanya, ya ce, "Wuce, ja'iri." Na wuce da su ta gabansa.

Ranar sadakar uku wata tsohuwa ta sauka daga bas ɗin Kayele, da sarƙar gicciye a wuya. Aka tsaya kallonta. Na ji wani na raɗa cewa ga matar nan ta ɓoye ta bayyana. Baffa ya ce a ba ta ruwa a waje. Amaryata ce ta aiko daga ɗakin takaba a shigo da ita, ta kuma kira ni, ta ce, "Kawo abin da ka sata, na ga cikinka shekaranjiya."

Sunanta Madeleine. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ƙofa bayan ƙofa, dukansu daga ƙasa, har ta tsaya a kan wata mai dokin ƙofa na itace da tsohuwar tukunya kife a gefe. Ta ce, "Gidanmu ke nan. A bara Alhaji ya gano shi."

Ta ce sunan uwarta Lucie, mai dafa bilbil ce. Kafin ta auri uban Madeleine, wani ɗan kasuwa Bahaushe ya aure ta, suka rabu, ya ɗauke yaron da suka haifa bayan yaye ya kawo Garwa. Yaron nan kai ne, Tsoho. Aka ce maka matar ubanka Hajiya Mairamu ce uwarka, mu ma a haka muka taso. Ba ka san sunan garin ba, ba ka riƙe fuskarta ba. Abin da ya rage maka ƙofa ce kawai, yadda yaro ƙarami ke ganinta idan ya ɗaga kai. Shi ya sa a tsaye ba ka ganin komai. Ka iske Lucie ta rasu da daɗewa. Madeleine ta ce ka zauna a dokin ƙofar har rana ta karkata, ka yi alwala da butarka, ka yi la'asar a gindin bishiya, ka ba ta shayi.

Har yanzu zargi bai bar ni ba, Tsoho, wurin zama kawai ya canza. Ina kallon dattawan da suka bari aka ce maka mashayi, ina tambayar kaina su wa suka sani suka ga wannan sunan ya fi musu sauƙi a kan a ce ɗan mai bilbil ne. Ban tambayi Baffa ba. Na dai ga da Madeleine za ta tafi, shi ya ɗauki jakarta har ajans, kuma bai sake maganar ashana ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Sulaimanu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya hutar da gwiwoyinsa a Aljanna Firdausi. Waɗanda suka zarge shi, da ni a sahun gaba, Allah ya yafe mana. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Zainabu, da Baffa Hashim da 'yan'uwansa, da jikoki, da 'yan layin atamfa na babbar kasuwa. Ina kuma miƙa ta ga Kaka Madeleine ta Kayele, ƙanwarsa uwa ɗaya. Allah ya ba ta haƙurin rashin yayanta.