Baba da sunan yayansa

Mahaifina ya yi tuƙi a wani kamfanin auduga a Kamaru har ya tsufa, amma ba da sunansa ba. Yayansa ne mai aikin. Da ciwo ya dawo da yayan garinmu Zaitawa ya rasu, dangi suka ga ai aiki ma gado ne, kamar rumfar kasuwa. Suka miƙa wa mahaifina katin aikin marigayi, ya tafi. Dama kamar an tsaga kara suke, ba wanda ya ɗaga gira.

Bayan Baba ya dawo gida, fanshonsa daga can yake biyo shi, da shi muke sayen maganin zuciyarsa. Sharaɗin ɗaya ne: duk shekara a kira shi ta bidiyo a tabbatar yana raye. Ni nake zuwa daga gidana in riƙe masa waya a zaure.

Na tsani ranar nan. Baba mutum ne mai surutu da tsokana, amma da ma'aikaciyar fanshon ta kira sunan marigayin sai ya gyara zama, ya karkata hula hagu, ya amsa da wata murya mai kauri da ban san shi da ita ba. Matar marigayin, da muke kira Inna, tana nan a gidan. Wata shekara tana tankaɗe ta ji amsar, ta saki rariya ta fito ba mayafi. Ta ce mijinta ta ji, har da gyaran muryar da yake yi.

Muka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Daga baya abin ya daina tsayawa a rana ɗaya. Sai a yi sati muna kiran Baba da sunansa bai waiwaya ba.

Na ce masa, “Baba, mu gaya musu gaskiya mana.”

Ya ce, “Maganin fa, ke za ki haƙo shi?”

Na bar maganar, don ba ni da kuɗinsa.

A jinyarsa ta ƙarshe, da hantsi, ya riƙe hannuna tamau. Na zaci wasiyya zai yi.

“Uwata,” ya ce, “na yi ta rantsuwa yana raye. To idan aka sa ni a kabari, wa za a ce ya zo?”