Ranar da Na Manta Bakace

Ƙungiyarmu ta mata ce, a ajin yaƙi da jahilci muka haɗu a Birnin Kebbi. Duk Alhamis mukan rarrabu gidajen tsofaffin da ba mai leƙa su, mu wuni can don masu jinyarsu su ɗan sha iska. Wata rana aka tura ni wani gida a Argungu, aka ce in shirya, an riga an koro biyu daga cikinmu.

Tsohuwar ƙafafunta sun daina aiki, amma bakinta lafiya lau. Ɗiyarta ke kula da ita, ita ma furfura ta fara fito mata. A zaure ta tare ni tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce 'yarta ta haihu a Zauro, har ana shirin gama wankan jego ba ta ga jaririn ba, don babu wanda za ta bar wa Inna. Inna kuwa ta ce ita ba abar tausayi ba ce, duk mai zuwa da sunan taimako ta koma inda ta fito.

Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ma 'yar taimakon ce?"

Sai idona ya faɗa kan faifai da kwanon shinkafa a gefen tabarmarta. Allah ya yafe mini, na ce a'a, koyo na zo yi. Na ce na ji duk unguwar ba wadda ta kai ta iya bakace, ni kuwa har na tsufa ban iya ba. Ni da na aurar da 'ya'ya uku, kowacce a hannuna ta koya.

Ta ce in ɗauka ta gani. Na riƙe faifan a karkace na watsa sama, rabi ya zube, kaji suka yo kaina. Ta yi salati a hankali, ta tambayi wace uwa ce ta sake ni gidan miji a haka. Sannan ta juya wajen ɗiyarta.

"Ke kuma mi kike jira? Tafi inda za ki, ki bar ni da wagga. Gyaranta sai an wuni."

Ɗiyar ta fice da mayafi a hannu, ko yafawa ba ta tsaya yi ba.

Ashe yin kuskure da gangan aiki ne. Tana ba ni labarin zamanin da take kai shinkafa kasuwar garin Gulma, na shagala, hannuna ya koma yadda ya saba, ƙaiƙayi na fita tas. Sai na ga ta ƙura wa hannuna ido. Nan take na zubar da wata a ƙasa, ta ci gaba da faɗa cikin jin daɗi. Ruwan alwala, magani, gyaran shimfiɗa, duk ita ta riƙa sa ni da bakinta, tunda ɗaliba dole ta yi wa malamarta hidima.

Bayan la'asar ɗiyar ta dawo da hoton jaririn a waya, fuskarta wasai. Inna ta daɗe tana kallonsa, ta ce hancin nasu ne. Sannan ta nuna ni da haɓa, ta ce kaina da tauri, sai na riƙa zuwa duk Alhamis, ita kuma ɗiyar ta nemi wurin zuwa kada ta dame mu.

Maƙwabta duk sun ji labarina daga bakinta. Har yau in na shiga layin, mata na gaishe ni da tausayi, wata ma ta tambaye ni yadda maigidana yake haƙuri.