Iskar Shiƙar Acca

Yau na hangi shirwa tana kewaya sama ba ta kaɗa fiffike, sai marigayiya surukata ta faɗo mini a rai.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, ina amarya a garin Dilimi, tsakanin duwatsu. Baƙi na tafe da yamma, ga acca ba a sheƙe ba, ko ganye ba ya motsi. Na fara hawaye.

Surukata ta ce, "Haba 'yar nan, bari duwatsu su gasu. Zafin zai hau sama, ya turo mana iska ƙasa. Dubi shirwa, har ta hau shi!"

Kafin in amsa, iska ta fizge mini kallabi.

"Maza ɗaga ƙwarya!"

Ƙaiƙayi ya tashi, muna ta shewa. Baƙi suka ci tuwo har da ƙari.

Allah ya kai mata iskar Aljanna kabarinta.